Agusta ko Disamba: yaushe zan kai iyalina yawon buɗe ido Indiya?

"Assalamu alaikum. Ina da niyyar kai maiɗakina da yaranmu biyu da mahaifiyata yawon buɗe ido Indiya na mako biyu. Yara suna son ganin dusar ƙanƙara, uwargida tana son Taj Mahal da Mumbai, ni kuma teku nake son gani. Hutun da nake samu ko dai a watan Agusta ne, lokacin dogon hutun makaranta, ko kuma ƙarshen Disamba. Hajiya tana da hawan jini da ɗan ciwon asma. Wane lokaci ya fi, wane kaya za mu ɗauka, kuma me ya kamata mu kiyaye?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya saka maka da alheri da ka sa Hajiya a cikin tafiyar. Idan na fahimce ka, kana da wata biyu da za ka zaɓi ɗaya, da buri uku da ke wurare uku masu nisa da juna, sannan da dattijuwa wadda lafiyarta ce za ta yanke hukunci a kan komai. Amsata a taƙaice ita ce Disamba, amma ba ta hanyar da yawancin mutane suke bi ba, kuma da sharaɗin a sake shawara a kan dusar ƙanƙara. Ga dalilina.

A aikina na tsara wa mutane tafiya da raka su, tambayar da aka fi yi mini ita ce "yaya yanayin Indiya yake a wata kaza?" Tambayar ba ta da amsa guda. Faɗin ƙasar ya kusa murabba'in kilomita miliyan 3.3, wato ta ninka Najeriya sau uku da rabi, kuma daga ƙuryar arewa zuwa ƙuryar kudu ya wuce kilomita 3,200. Chennai da Bengaluru suna kusan layi ɗaya da Kano a taswira, amma Delhi ta fi Madina nisa zuwa arewa. A rana ɗaya ta watan Janairu za ka samu ruwa ya daskare a Kashmir, mutanen Delhi suna jin wuta a bakin titi, mutanen Kerala kuwa suna kwana da fanka. Haka ma ruwan sama: garin Mawsynram da ke jihar Meghalaya yana samun fiye da milimita 11,000 a shekara, Jaisalmer da ke hamadar Rajasthan kuwa wajen 200 kacal. Saboda haka abin da ake yi shi ne a zaɓi wata, sannan a bar watan ya zaɓi yanki.

Yadda shekararsu take juyawa

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ba zai sha wahalar gane tsarin ba, domin injin da ke kawo mana damina irinsa ne yake kawo musu. Daga Maris zuwa Mayu rana tana gasa ƙasa, iskar da ke samanta ta yi zafi ta tashi, sai iska mai danshi ta taso daga teku ta cike gurbin. Bambancin shi ne girma. Su teku ya kewaye su ta ɓangare uku, sannan tsaunukan Himalaya sun tokare arewa, suna tare iskar mai ruwa su hana ta wucewa, ta juye abin da ta ɗauko a cikin ƙasar. A gefen yamma kuma akwai wani jerin tsaunuka da ya bi gaɓar teku tun daga kusa da Mumbai har Kerala, shi ne ya sa wannan gaɓar take shan ruwa kamar da bakin ƙwarya, alhali garuruwan da ke bayan tsaunukan ba sa samun rabin haka.

Damina tana sauka a Kerala wajen 1 ga Yuni, ta isa Mumbai bayan kamar kwana goma, ta kai Delhi a ƙarshen watan, zuwa farkon Yuli ta game ƙasa. A tsakiyar Satumba take fara janyewa daga Rajasthan. Cikin waɗannan wata huɗu ake samun kusan kashi uku cikin huɗu na ruwan shekara. Gaɓar kudu maso gabas ce ta fita daban: Chennai da jihar Tamil Nadu nasu babban ruwan daga Oktoba zuwa Disamba yake zuwa, lokacin da iska ta juya baya ta bi ta kan tekun Bengal. A wannan lokacin, da kuma Afrilu zuwa Mayu, ake samun guguwar teku a gabas. Ambaliyar da ta ci Chennai a 2015 a ƙarshen shekara ta faru, lokacin da sauran ƙasar take a bushe.

Bazara ba ta cikin zaɓinka, amma zan faɗa saboda masu karatu: daga tsakiyar Afrilu zuwa saukar ruwa, filayen arewa ba wurin yawo ba ne. Delhi da Agra (garin da Taj Mahal yake) da Jaipur suna kai digiri 43 zuwa 45, ga wata busasshiyar iska mai zafi da ke kaɗawa da rana. A ranar 19 ga Mayun 2016 an auna digiri 51 a garin Phalodi na Rajasthan. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri zai ce ai ya saba, amma a gida yana shiga inuwa da azahar ne, ba ya yini yana taka dutsen fada da marmara a tsakar rana.

Abin da Agusta za ta ba ka da abin da za ta hana ka

Agusta tsakiyar damina ce, kuma a cikin burinku uku, biyu sun faɗi tun kafin a tashi. Babu dusar ƙanƙara sai a can ƙololuwar da iyali ba sa zuwa. Teku kuma a gaɓar yamma yana tumbatsa, ana kafa jar tuta a hana shiga ruwa, rumfunan bakin teku na jihar Goa ma kwashe su ake yi sai bayan damina. Mumbai tana cikin ruwa: a ranar 26 ga Yulin 2005 an yi ruwan milimita 944 cikin yini da kwana ɗaya, kusan abin da Kano take samu a damina sukutum. Wannan ba kullum ba ne, amma kowace shekara ana samun ranakun da tituna suke cika, jiragen ƙasa na cikin gari su tsaya, jiragen sama su yi jinkiri. Babbar ambaliyar Kerala ta 2018 a watan Agusta ta auku, zaftarewar ƙasa ta Wayanad kuma a ƙarshen Yulin 2024. Hanyoyin tsaunukan Himachal da Uttarakhand su ma a wannan lokacin suke yawan toshewa, ba na tura iyali can da damina ko da farashin ya faɗi warwas.

Ba ina nufin Agusta ba ta da nata alherin ba. Otal yana araha, layin shiga wurare gajere ne, ƙasa ta yi kore shar, kuma ruwa ya wanke iskar Delhi, wanda ga mai asma ba ƙaramin abu ba ne. Rajasthan ba ta cika ruwa ba, Udaipur da tafkunanta suna da kyau ƙwarai a lokacin. Da a ce kai da uwargida ne kaɗai, Taj Mahal da fadoji kawai kuke so, da na ce ku tafi da lema. Sai dai zafin Agra na Agusta zafi ne mai gumi, digiri 33 ko 34 amma zufa ba ta bushewa, mai hawan jini yana galabaita da wuri. Ga sauro mai kawo zazzaɓin dengi, wanda da rana yake cizo kuma daga Agusta zuwa Nuwamba ya fi yawa. Ga ruwan sha da ke gurɓata idan an yi ambaliya. Wuri guda da Agusta ce lokacinsa shi ne Ladakh da ke ƙuryar arewa, domin tsaunuka sun tare masa ruwa, amma garin Leh yana kan tudun mita 3,500, iskar shaƙa ba ta da yawa, har matashi lafiyayye ana ce masa ya kwanta ya huta kwana biyu kafin ya fara yawo. Ba wurin Hajiya ba ne.

Disamba da matsalarta

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin baƙi a mafi yawan ƙasar. Mumbai tana bushe, rana wajen digiri 30 zuwa 32, dare da ɗan sanyi mai daɗi. Goa da Kerala teku ya kwanta, sama ta washe. Rajasthan rana mai taushi, dare da sanyi. Duk wannan ya dace da ku. Matsalar tana Delhi da Agra, kuma a nan nake so ka tsaya ka karanta da kyau.

Abu na farko sanyi. Ƙarshen Disamba da farkon Janairu ne tsakiyarsa, da asuba yana sauka zuwa digiri 5 ko 6, wani lokaci ƙasa da haka, kuma sanyi ne mai danshi, ba busasshe irin na hunturunmu ba. Gidajensu an gina su ne don zafi, ƙasa tayil ko marmara, ƙananan otal da yawa ba su da na'urar ɗumama ɗaki. Na ga mutanen da suka sauka da kaftani da hula kawai, kasuwar suwaita ce wurin da suka fara ziyarta.

Na biyu hazo. Filin da ya tashi daga Punjab ya bi kogin Ganges yana lulluɓewa da farin hazo mai raɓa, wani lokaci ba ka ganin motar da ke gabanka. Jiragen safe suna jinkiri ko a soke su, jirgin ƙasa ya makara sa'o'i, babbar hanyar Delhi zuwa Agra kuma ana yin mummunan karo a kanta da duku-duku. Mutum yana iya tsayawa a ƙofar Taj Mahal da ƙarfe bakwai na safe bai ga ginin ba sam, sai wajen goma ko sha ɗaya rana ta kore hazon. Don haka shawarar da za ka ji ko'ina, cewa a je Taj da fitowar rana, a ƙarshen Disamba ajiye ta. Ku je da hantsi ku kai azahar.

Na uku, wanda ya fi damuna, gurɓatacciyar iska. Da sanyi iska ba ta tashi sama, sai hayaƙin motoci da masana'antu da ƙurar gine-gine su taru a kan birnin. A ƙarshen Oktoba da Nuwamba manoman Punjab da Haryana suna ƙona karan shinkafa don su shuka alkama, ga wasan wuta na bikin Diwali na mabiya addinin Hindu, shi ya sa Nuwamba ta fi muni. Amma Disamba da Janairu ma ba su da sauƙi. Ma'aunin ingancin iska da hukumarsu take fitarwa kullum, idan ya haura 400 ana kiransa mai tsanani, kuma Delhi tana kaiwa can a kwanaki da dama, har a rufe makarantun firamare a dakatar da gini. Lafiyayye zai ji maƙogwaro yana ƙaiƙayi ido yana yaji. Mai asma yana iya ƙarewa a asibiti.

Ga yadda zan tsara da ni ne. Kada ku sauka a Delhi, ku sauka a Mumbai. Jiragen da ke bi ta Addis Ababa ko Doha suna zuwa biranen biyu, kuma ana iya yankar tikitin shiga ta wannan a fita ta wancan. Ku yi kwana uku a Mumbai jiki ya saba, don agogonsu yana gaban na Najeriya da awa huɗu da rabi. Uwargida ta ga babbar ƙofar tarihi ta Gateway of India da titin bakin teku na Marine Drive da kasuwannin yadi da ke kewayen Crawford Market. Daga nan ku hau jirgi zuwa Kochi a jihar Kerala, kamar awa biyu, ku yi kwana huɗu ko biyar. Na zaɓi Kerala a kan Goa da gangan. Goa a makon Kirsimeti da sabuwar shekara ta fi ko'ina tsada da cunkoso, kuma shagalin bakin tekunta na giya da kiɗa ba abin da za ka so ka zauna da mahaifiyarka a ciki ba ne. Kerala kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanenta Musulmi ne, masallaci da abincin halal ba sa wuya, ga kifi da kwakwa. A Alappuzha ana hayar jirgin ruwa mai ɗakuna da mai dafa abinci, a yi ta ratsa magudanan ruwa a tsakanin gonakin shinkafa da itatuwan kwakwa, Hajiya tana zaune ba ta taka ko'ina ba. A Kodungallur, arewa da Kochi, akwai masallacin Cheraman da mutanen wurin suke cewa shi ne na farko a ƙasar.

Sai a ƙarshe ku haura arewa, ku sa Jaipur ta zama mazauninku maimakon Delhi, don iskarta ta fi dama-dama kuma rana ta fi fitowa. Daga Jaipur zuwa Agra wajen kilomita 240 ne, daga Agra zuwa Delhi wajen 230. Kwana ɗaya ko biyu a Agra, sannan Delhi kwana biyu kada su wuce, a ga Masallacin Juma'a da sarki Shah Jahan ya gama a 1656, da hasumiyar Qutb Minar, a kama hanyar gida. Ka riƙe cewa Taj Mahal a rufe yake ga masu yawo kowace Juma'a. Tsakanin Agra da Delhi akwai jirgin ƙasa mai suna Gatimaan, tafiyarsa ba ta kai awa biyu ba idan babu hazo. Kada ka haɗa jirgin cikin gida da jirgin komawa gida a rana ɗaya, ka bar kwana a tsakani. Idan ranar da kuka isa Delhi ma'aunin iska ya yi ja, Hajiya ta zauna a otal mai na'urar tace iska, ba ta yi asarar komai ba.

Maganar dusar ƙanƙara

A nan zan ɓata wa yara rai kaɗan. Wuraren da aka fi sauƙin kaiwa, garuruwan Shimla da Manali na jihar Himachal, suna kan tudun mita 2,000 da ɗoriya, kuma ƙanƙararsu tana dogara ne da wata iska mai ruwa da ke tasowa daga yankin Bahar Rum. Idan ta zo a yi fari fat, idan ta makara a yi Disamba gaba ɗaya ba a ga komai a cikin gari ba. Janairu da Fabrairu sun fi tabbas. Sannan a makon ƙarshe na shekara 'yan ƙasar da kansu suna tururuwa can, motoci su yi cirko-cirko a hanyar dutse mai lanƙwasa, daga Delhi zuwa Manali tafiyar yini guda ce cur. Inda aka fi samun tabbas shi ne Gulmarg a Kashmir, mita 2,650, amma daga 21 ga Disamba ne kwana arba'in na tsananin sanyinsu suke farawa, ma'auni yana sauka ƙasa da sifili, jirgin Srinagar yana yawan sokewa. Ga batun tsaro: a Afrilun 2025 an kai hari a Pahalgam aka kashe mutum 26, galibinsu masu yawon buɗe ido. Duk mai son zuwa sai ya bincika halin da ake ciki a makon tafiyarsa.

Tsananin sanyi yana tsuke jijiyoyin jini ya ɗaga hawan jini, busasshiyar iska mai sanyi kuma tana tayar da asma. Ni dai ba zan kai Hajiya ba. Idan yara sun matsa, a raba tafiya: kai da su ku yi kwana biyu a tsauni, uwargida da Hajiya su zauna a Jaipur. Amma a mako biyu wannan zai cinye kwana huɗu da zirga-zirga, kuma a ganina bai biya ba. Da za ka iya matsar da hutunka zuwa Fabrairu ko farkon Maris, da an samu komai a haɗe: hazo ya tafi, iska ta gyaru, ƙanƙara tana nan a tsauni, zafi bai fara ba. Sai dai a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa a tsakanin, sai ka duba kalanda.

Kaya da takardu

Jaka ɗaya za ta ɗauki yanayi biyu. Don kudu, kayan auduga marasa nauyi da silifas. Don arewa, suwaita, babbar rigar sanyi, hular sanyi, da safa masu kauri, domin a masallatai da wuraren tarihi da yawa ana cire takalmi, marmara kuma tana da sanyi kamar ƙanƙara. Hajiya ta samu mayafi mai kauri da takunkumi nau'in N95, na yadi ba ya tare wannan hayaƙin. Kada ku cika jaka: jiragen cikin gida yawanci kilo 15 suke ba kowane fasinja, ba irin kilon da kuka taho da shi daga gida ba, ƙari kuma da tsada. Soket ɗinsu mai zagayayyun ƙafafu ne, ku tafi da adafta.

Katin allurar shawara wajibi ne ga duk wanda ya fito daga Najeriya, har da yara, kuma sai allurar ta kwana goma kafin ta fara aiki a takarda. Wanda ya sauka babu shi ana iya killace shi har kwana shida. Tun 2014 kuma sun sa sharaɗin ɗigon foliyo ga matafiya daga wasu ƙasashe ciki har da Najeriya, ka tambayi matsayinsa lokacin neman biza a ofishin jakadancinsu da ke Abuja ko Legas. Ka fara neman bizar da wuri, da takardun otal da tikitin dawowa da bayanin banki. Wani abu da mutanenmu suke yawan yi: su shiga da bizar yawo da niyyar a duba tsohuwa a asibiti. Idan akwai niyyar magani ta gaske, bizar jinya daban take, ita za a nema. Kuma kada a wuce ranar da biza ta ƙare ko da kwana ɗaya ne, fita takan zama aiki, sai an bi ta ofishin rajistar baƙi an biya tara.

Kowane otal dole ya cike wa baƙo ɗan ƙasar waje fom ya aika wa hukuma, shi ya sa wasu ƙananan masauki ba sa karɓar baƙi kwata-kwata, ko da ka biya ta intanet. Ka rubuta musu kafin ku taso, ka gaya musu fasfon da kuke riƙe da shi, su amsa a rubuce. Zan faɗa maka gaskiya, baƙar fata yana gamuwa da kallo, wasu su nemi hoto da yara, wasu masu masauki su canza fuska idan sun ji Najeriya, kuma a 2017 an far wa ɗalibai 'yan Najeriya a Greater Noida kusa da Delhi. A abin da na gani, iyali masu tafiya da dattijuwa sun fi samun girmamawa, domin mutane ne masu ganin darajar tsofaffi. Duk da haka ku zauna a otal mai suna, ku riƙe kwafin fasfo da biza a jiki, ku rage yawon dare. Kuma don Allah kada ka karɓi saƙon kowa, ko ƙullin magani ne, dokarsu ta ƙwaya tana da tsanani kuma ana bincikar jakar ɗan Najeriya da kyau.

Kilishi da dambun nama a bar su a gida. Saniya abar girmamawa ce ga mabiya addinin Hindu, yawancin jihohi sun haramta yanka ta, a wasu ma riƙe namanta yana jawo fitina. Garin kunu da yaji da busasshiyar kuka ba su da wannan matsalar, kuma za su taimaki Hajiya ranar da abincinsu ya gundure ta.

Ci da sha da zirga-zirga

Musulmin Indiya sun haura miliyan 170 tun a ƙidayar 2011, don haka halal ba ya wuya a tsohuwar Delhi, ko titin Mohammed Ali a Mumbai, ko Kerala. Amma ba kowane nama ne yankan Musulmi ba, ka tambaya. Inda ka yi shakka, abincin ganye da wake da shinkafa yana ko'ina, kuma duk abin da ke cikin leda yana da alama: koren ɗigo na nufin babu nama a ciki. Abin da ke kwantar da matafiya shi ne ruwa. Ku sha na gora mai hatimi kawai, da shi za a goge baki, a guji ƙanƙarar cikin lemo da ɗanyen ganye da 'ya'yan itacen da aka yanka aka ajiye. Abin da aka sauke daga wuta a gabanka ya fi aminci. Ku tafi da garin gishiri da sukari na gudawa saboda yara. Girkinsu yana da gishiri da mai, sai a riƙa roƙon a rage wa Hajiya. Ka gargaɗi yara kada su taɓa karnukan titi ko birai, musamman a Agra da Jaipur, cizo ko yakushi kuwa asibiti ne nan take saboda ciwon haukan kare.

Suna tuƙi ta hagu, akasin mu, don haka wajen tsallaka titi dama za ka fara dubawa, ka riƙe hannun yara. Keke napep ɗin da muka sani daga can aka kawo shi, za ku gan shi ko'ina, a yi ciniki kafin a hau. Manhajojin kiran tasi na Uber da Ola suna aiki a manyan birane, sun fi sauƙi ga iyali. Idan direba ya ce otal ɗinku ya rufe ko hanya ta toshe zai kai ku wani, kada ka yarda, ka kira otal ɗin. Haka mai cewa ofishin tikiti ya koma wani wuri. Tikitin jirgin ƙasa ana buɗe sayar da shi kwana 60 kafin tafiya, na ƙarshen Disamba kuma yana ƙarewa da wuri. Ka nemi tarago mai na'urar sanyaya ɗaki, nan ake ba da bargo a tafiyar dare, ka roƙa wa Hajiya gadon ƙasa. Kuɗi kuwa, 'yan ƙasa da waya suke biyan kusan komai, baƙo bai cika samun wannan damar da sauƙi ba, kada kuma ka dogara da katin naira. Ka tafi da dala ka canza a wurin masu lasisi ka karɓi rasit. Idan tsabar da ke hannunka ta wuce dala 5,000 sai ka bayyana ta a filin jirgi. Takardar rupi 500 ce babba da ke yawo, ta 2,000 an janye ta a 2023, kada ka karɓa.

Duk alƙaluman yanayin da na kawo matsakaici ne na shekaru, shekara guda tana iya saɓawa, damina ta makara ko sanyi ya yi sauƙi, saboda haka ka riƙa duba hasashen hukumar yanayi ta Indiya daga mako guda kafin tashi. Dokokin biza da na lafiya su ma suna canzawa, maganar ofishin jakadanci ita ce ta ƙarshe. Ni kuma ba likita ba ne. Kafin ka biya kuɗin tikiti, ka kai Hajiya wurin likitanta ka gaya masa ƙarara cewa za ta yi kwana uku ko huɗu a cikin sanyi da hayaƙi, bayan doguwar tafiyar jirgi. Ya rubuta mata magungunanta da ainihin sunayensu, ta ɗauki abin da zai ishe ta har da rarar mako guda a jakar hannu, da abin shaƙa na asma guda biyu, ɗaya a wurinta ɗaya a wurinka. Ku yi inshorar lafiya ta tafiya, don asibitoci masu zaman kansu suna da kyau amma suna neman kuɗi kafin su kwantar da mutum. Lambar gaggawa a duk ƙasar ita ce 112. Idan likita ya ce huhunta ba zai ɗauki Delhi ba, ku shiga Agra daga Jaipur ku dawo Jaipur, ku koma Mumbai ku tashi daga can. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, a gaida Hajiya.